Wurin da Inna Ba Ta Ce Komai Ba

Na daɗe ina aiki a gidan rediyo nan Tawa, kuma abu na farko da aka koya mini shi ne tsoron shiru. In mai magana ya tsaya neman kalma, a yanke. In ya yi tari ko ya ja dogon numfashi, a yanke. Ranar da na yi ritaya na bar musu kujerarsu da makirufonsu, amma halin yankan nan ya biyo ni gida ban sani ba.

Mu huɗu ne muke jan ƙungiyar tarihin garinmu. Ba wanda ya naɗa mu, ba kuma wanda yake biyanmu. Kowace Asabar da hantsi mukan haɗu a zauren Direkta, mu sha shayi, mu yi gardama. In hali ya yi mu hau motar kasuwa mu tafi ƙauye mu ɗauko maganar tsofaffi kafin su tafi da abarsu. Ni ce mai na'ura, ni ce kuma mace ɗaya a cikinsu, don haka duk Madam suke ce mini.

Direkta, tsohon shugaban makaranta, mutumin Damagaram ne. Yana saurayi aka turo shi koyarwa arewacin Adar, ya yi Affala, ya yi ƙauyukan da mota ba ta leƙawa sai ranar kasuwa, ya yi aure a nan ya manta hanyar gida. Ya ce shekara da shekaru yana koya wa yara tarihin ƙasashen da shi kansa bai taɓa takawa ba, har ranar da aka tambaye shi cikin aji wa ya gina rijiyar da lakwal, wato makarantar, take sha, ya rasa amsa. Tun daga nan ya sayi kaye, littafin rubutu, ya fara bin tsofaffi. Mutumin kirki ne, sai dai akwai naci. Tsoho zai ce masa shekarar da fara ta cinye gero, shi kuwa ya dage sai an gaya masa wace shekara ce da lamba.

Na biyu dillalin shanu ne, wanda ba ya fashin kasuwar Lahadi ko da zazzaɓi. Bai taɓa riƙe bik ya yi rubutu ba a rayuwarsa. Amma ya dubi shaidar da ke cinyar saniya ya gaya maka gidan da ta fito, da kakan mai gidan, da dalilin da ya sa suka baro tsohon garinsu. Ba ya gajiya da tsokanar Direkta. Yakan ce, “Direkta, randa ruwa yaj jiƙa littahin ga naka, ka taho gare ni in maimaita maka.”

Na uku tela ne, shi ya fi mu shiru duka. An haife shi a wani ƙauye kusa da Bambeye, ɗan fari ne, ana yaye shi aka miƙa shi ga kawunsa a Tawa kamar yadda aka saba. Ya tafi Abijan cin rani da niyyar wata shida, ya share shekara ashirin da biyar. A ciki akwai shekarun da ko saƙon gaisuwa bai aiko ba. Mahaifinsa, wanda maginin rijiya ne, ya rasu ba ya nan. Ya dawo da keken ɗinki da ido da ya fara dushewa, ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ta amsa gaisuwarsa fuskarta na duban bango.

Haka kowace uwa ta wajenmu take yi wa ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Damuwarsa ke nan. Wata rana yana yi mini kalmasar zane, bai ɗago kai daga keke ba, ya ce, “Madam, kunya da hushi kamarsu guda. Ban san wanne taka yi min ba. So nika in sani ko har yanzu ina cikin ɗiyanta.” Na ji tausayinsa ya kama ni, dattijo da furfura yana tambayar abin da yaro yake tambaya. Na ce Allah ya sa mu dace.

Ana nan sai aiki ya kai mu kan magina rijiya na yankin Bambeye, aka kuma ce babu wanda ya rage da ya san zuriyarsu gida-gida sai wannan tsohuwa, mahaifiyar tela. Tela ya ce ba zai bi mu ba, don in yana wurin ba za ta buɗe baki ba. Da muka zo tafiya ya rako mu har tasha, ya matso kusa da tagar da nake ya ce, “Madam, ki ɗauko min duka.”

Mun same ta a ƙarƙashin rumfar zana, 'yar tsohuwa ƙarama, idonta ras. Muka gaisa, na ce, “Inna, mun zo ki ba mu tarihi.” Ta yi dariya ta ce ita mi ta sani, sannan ta sa hannu ta tattaro tsakuwa ta zuba a cinyarta. Duk sunan da ta kira sai ta ajiye tsakuwa ɗaya a kan rairayi. Ta faro daga wanda ya fara sara ƙasa a garin, ta bi 'ya'yansa da jikokinsa, wanda rijiya ta rufta da shi da wanda ya bar sana'ar ya koma noma. Direkta yana ta rubutu kamar ana korarsa. Ni idona yana kan na'ura kada batir ya ba ni kunya. Dillali ya tsuguna gefe yana cin goro. Da ta iso gidanta ta ce “uban ɗiyan ga”, ta wuce, ta lissafa 'ya'yanta har auta.

Na dawo gida na zauna gaban kwamfuta na yi abin da na iya. Na cire tari, na cire kukan akuya, na cire duk inda ta tsaya. Magana ta fito sumul, suna na bin suna. Har yaba wa kaina na yi, na ce hannun bai manta ba.

Ranar Asabar na kunna musu a zaure. Tela ya sunkuyar da kai, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Muryar Inna ta ce “uban ɗiyan ga”, nan take ta kira sunan ƙanensa, ta ci gaba har auta. Bai motsa ba sai da maganar ta ƙare. Sannan ya tashi ya sa takalmi, ya ce akwai ɗinkin biki da ke jiransa. Shayinsa ma bai shanye ba.

Asabar biyu bai zo ba. Direkta ya ce ƙila aiki ne ya yi masa yawa, ni ma na yarda don na fi son haka. Ranar Litinin da la'asar sai ga sallamar dillali a ƙofar gidana, abin da bai taɓa yi ba. Na fito na ce ya shigo, ya ƙi.

Ya ce, “Madam, ina shirun?”

Na ce, “Wane shiru, Alhaji?”

“Wurin da tsohuwa tat tsaya, bayan ta hwaɗi mai gidanta. Ta jima ba ta ce komi ba. Ni ban ji shi ba cikin abin da kinka sa muna.”

Na ce ai mantuwa ce ta tsufa, na cire don kada a gaji da saurare. Ya dube ni kamar yadda yake duban wanda ya sayi saniya bai buɗe bakinta ba.

Ya ce, “Mantuwa? Ke kina kallon na'ura, Direkta na kallon littahi. Ni hannunta nika kallo. Ta ɗauki tsakuwa guda wurin nan, ba ta aje ta ƙasa ba. Bakin zanenta taƙ ƙulle ta.”

Kunya ta rufe ni, da haushin kaina. Ni da aka haifa a ƙasar nan, ni da uwata ta rasu tana yi mini faɗa don ina ƙwala wa ɗana na fari kira da sunansa a tsakar gida, ni ce zan kasa gane wannan. Mutum ya ce in ɗauko masa duka, na je na zaɓi daidai wurin da yake ciki na jefar. Mako biyu yana zaune a shago yana ganin uwarsa ta tsallake shi, alhali ni na tsallake shi.

Allah ya taimake ni, rediyon da ya koya mini yanka shi ya koya mini kada a taɓa goge na asali. Yana nan cikin na'ura yadda aka ɗauko shi.

Washegari da safe muka tafi shagonsa mu uku. Direkta har da babbar riga, kamar mai zuwa neman aure. Tela ya ga mun jeru a bakin ƙofa ya tsayar da keke. Ban yi dogon bayani ba. Na ce, “Malam, na yi maka laihi. Abin da kaj ji ba duka ba ne, ni na rage shi. Ka gahwarce ni.” Na ajiye na'urar a kan teburin yankansa na kunna.

Inna ta ce “uban ɗiyan ga”. Sai ta tsaya. Ana jin luguden taɓarya can nesa, da kurciya, da numfashinta a hankali. Shirun ya yi tsawo har na fara jin hannuna yana ƙaiƙayi irin na da. Dillali ya rage murya ya ce, “Nan ta ɗauki tsakuwa taka. Ga ta tana juya ta cikin hannu. To, yanzu tana ƙulli.” Can aka ji ta ja numfashi, ta kira sunan ƙanensa.

Tela ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Direkta, wanda ba ya barin komai sai ya sa masa lamba, ya buɗe kayensa ya dubi jerin sunayen, ya ja kibiya ya buɗe layi ɗaya a saman sunan ƙanen, ya bar shi fari.

Tela ya ce, “Madam, sake sa min wurin.”

Na sake. Sau huɗu na maimaita masa, yana saurare ido rufe.

Asabar ta gaba ma bai zo ba, amma wannan karon mun san inda yake, don an gan shi a tasha da ƙullin sabon zane ya hau motar Bambeye. Asabar ta bayanta ya shigo zaure ya zauna wurinsa, ya karɓi shayi. Muka ƙi tambayarsa, har dillali ya kame bakinsa. Sai da ya shanye kofin farko ya ce, “Ta juya min baya kamar kullum. Sabon zanen ma ba ta dube shi ba, ta ce a aje.” Ya ɗan yi shiru, na bar shirun ya kai inda zai kai. Sannan ya ce, “Amma na duba bakin tsohon zanen. Ƙullin na nan.”