Na Tsaya Jin Waƙoƙin Japan Har Iddarta Ta Cika

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko wa wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa. Lokacin da abin ya faru ban kai talatin ba, direban motar haya ne ni. Ina lodi a Kwanar Dangora, in bi ta Tudun Wada, in ratsa dajin Falgore, in sauke a Doguwa in juyo, sawu biyu a rana. Gidanmu yana Kiru. Na yi sakandare, ina ɗan tsintar Turanci, kuma wannan ɗan karatun ya sa nake ganin ni daban ne a tasha. Ina da mata, shekararmu biyu da aure, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Iyayenta Fulani ne da suka zauna, suna noma suna kiwo a gefen daji. Akwai wata babbar ɗorawa a bakin titi, idan ka tsaya a gindinta kana hango dangar gidansu. Ita ba ta da yawan magana, ni kuwa a wancan lokacin zuciyata a kusa take.

Wata rana rediyon motata ya mutu, na shiga Kano na sayo na hannu. Da mai wayarin ya haɗa, sai muka ga rubutun fuskarsa ba boko ba ne ba ajami ba, ya ce ai daga motar Japan aka ciro shi. Ba ya kama tashar rediyonmu ko ɗaya. Abin da ke cikinsa kawai waƙoƙi ne da mai shi na farko ya bari, muka yi ta danne-danne ba mu gano inda ake goge su ba. Da ka tayar da mota sai su fara da kansu. Da farko abin dariya ne. 'Yan kamasho suka sa mini suna Na-Japan, matata ma ranar da ta fara ji sai da ta rufe baki da mayafi, ta ce wannan mai waƙar kukanta irin na saniyar da aka raba da ɗanta ne.

Farkon damina mahaifiyarta ta kwanta rashin lafiya. Matata ta roƙe ni in bar ta ta je ta yi kwana uku, na kai ta da kaina, sai ta yi kwana tara. Can wurinsu waya ba ta shiga, kuma jikin tsohuwar ya tsananta. Kullum ina wucewa ta bakin gidan, da na taka burki na tambaya da an wuce wurin, amma na ce ni ba zan bi mace ba. Abokan tasha suka yi ta zolayata cewa Fulani sun karɓe abarsu. Ranar da ta dawo, ko jakarta ban bari ta ajiye ba, na yagi takarda na rubuta mata saki ɗaya. Ta dube ni, ta dubi takardar. Da jakar da ta shigo da ita ta juya. Gadonta, kwanukanta, har sallayarta, duk ta bar su a ɗaki. Innata ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi mini ba, sannan ta ce in buɗe kunnena in ji, macen da ta bar kayanta a ɗaki ba ta tafi ba, jira take a je a dawo da ita.

Kafin gari ya waye na yi nadama, wannan ba zan ɓoye ba. Kawuna ya ce duk ranar da na shirya zai raka ni. Limamin unguwarmu ya zaunar da ni ya ce saki ɗaya ne, muddin iddarta ba ta cika ba, kalma ɗaya ta ishe ni a gaban shaidu, ba sabon sadaki ba sabon ɗaurin aure. Na ce to, gobe in sha Allahu. A cikin waɗannan kwanakin ne na fara sauraron waƙoƙin nan da gaske. Na kara wayata a jikin lasifika, ta nemo mini su, na samo fassararsu da Turanci ina bi layi-layi idan ina jiran layin lodi. Ashe kusan dukkansu maganar rabuwa suke yi. Wata tana tsaye a tashar jirgin ƙasa tana kallon wanda take so yana tafiya, ba ta kira shi ba. Wani yana cewa wannan ce soyayyarsa ta ƙarshe, ba zai sake ba. Wata tana yi wa wanda ya bar ta godiya da fatan alheri. A cikinsu kaf babu wanda ya koma ya yi sallama a ƙofar gida. Sai na ga kamar da ni suke, mutanen da ban san ko wace alƙibla ƙasarsu take ba.

A nan ne na shiga abin da har yau nake jin kunyar faɗa: na fara jin daɗin baƙin cikina. Ruwa yana zuba a gilashi, dajin Falgore ya yi kore shar, waƙa tana tashi, ni kuma ina riƙe da sitiyari ina jin kaina wani babban masoyi da duniya ta zalunta, alhali ni na rubuta takardar da hannuna. Na haddace jerin waƙoƙin har na san wadda za ta zo a kowace gada. Fasinjoji suna ƙorafi, wata tsohuwa ta taɓa tambayata ko rasuwa aka yi mini. Duk sanda na doso ɗorawar nan sai in sauke giya, in sassauta, in ce yau kam zan tsaya. Amma idan na tuna zan durƙusa a gaban mahaifinta, sai in ƙara murya in taka mota, ina gaya wa kaina cewa mai so na gaskiya shi ne wanda ya haƙura ya bar mutum ya tafi. Ƙarya nake yi. Kunya ce da girman kai, waƙar ta ɗinka musu riga mai kyau kawai.

Sau huɗu a rana nake wuce wurin, sau huɗu nake yin haka. Na kasa tsayawa, na kasa sauya hanya, na kasa cire rediyon. Idan na koma gida kayanta suna kallona, Inna kuma ta daina faɗa ta koma ƙirga mini makonni. Wata ranar kasuwa yayan matata ya same ni a tasha, ya miƙo mini kwalbar man shanu ya ce a kai wa Inna, ya ƙara da cewa Baffa, wato mahaifinsu, yana gaishe ni, yana tambaya ko lafiya ba a ganina. Na fahimci saƙon sarai. Mutanen nan ba sa roƙo, abin da suka yi ɗin nan ma ba ƙaramin sauke kai ba ne. Na ce masa ina nan tafe a cikin makon, ban je ba.

Haka idda ta cika. Duk da haka danginta ba su zo kwashe kaya ba, suka ƙara mini wata biyu, don ko a lokacin da na je da an sake ɗaura aure. Sai bayan an cire masara, ina tasha, aka aiko mini cewa mata sun zo da a-kori-kura. Na dawo da la'asar na tarar da ɗakin wayam, sai shatin ƙafafun gado a ƙasa. Inna tana zaune a tsakar gida ko kallona ba ta yi ba. Don ku san nisan da na yi, ko a ranar abin da na yi shi ne na koma cikin mota na rufe ƙofa na kunna waƙa. Ba a jima ba na ji matar tawa ta auri wani manomi a ƙasar Tudun Wada.

Bayan shekara uku, ina lodi a Tudun Wada, ta shigo motata da goyo a bayanta. Ba ta lura da ni ba sai da na tayar da mota waƙar ta tashi. Na rage murya. A gindin ɗorawa ta ce akwai sauka. Na fito na buɗe mata but don ta ɗauki kayanta, ta gaishe ni kamar yadda ake gaishe da kowa, ta tambayi Inna. Sannan ta ce ashe har yanzu ina tare da mai kukan nan. Ta ce da wannan waƙar take gane motata tun daga nesa, don duk hanyar babu mai irinta. Ta ce tsawon iddarta, duk sanda ta jiyo ta, ta kuma ji inji ya sassauta, sai ta ɗauki mayafinta ta tsaya a bayan danga, Baffa kuma ya kakkaɓe tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida. Idan ƙarar ta yi nisa sai ya naɗe abarsa. Sau huɗu a rana. Ba da fushi ta faɗa ba, ta gyara goyonta ta ce in gaishe da gida.

A ranar na sa aka cire rediyon. Ban ɗora laifin a kan mawaƙan ba, su suna waƙar ƙofar da ta riga ta rufe ne, tawa kuwa a buɗe take ana jirana. Abin da na koya shi ne baƙin ciki ma yana da zaƙi, kuma mutum yana iya zama a cikinsa har ya manta akwai abin da ya kamata ya tashi ya yi. Don haka ina kira ga 'yan'uwana maza, musamman masu saurin hannu irina: idan kun yi kuskure kuma lokaci bai ƙure ba, ku kashe duk abin da ke rarrashinku, waƙa ce ko hirar abokai, ku nemi babba ya raka ku. Durƙuson minti goma ne. Tsakanin titi da tabarmar nan ko tafiyar minti biyar babu. Har gobe ina bin hanyar sau huɗu a rana, kuma idan na zo ɗorawar ƙafata takan sassauta da kanta, sai dai yanzu babu mai shimfiɗa mini tabarma.