Kayan Ɗakin da Malam Sumul Ya Yi Mini

Da daminar bana mahaifina ya cika shekara goma sha tara a ƙasa. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu kafin na yarda, domin har yanzu in na ji ƙamshin sabon katako sai na waiga. Kafinta ne, rumfarsa tana Limawa, kuma a Dutse kaɗan ne suka san shi da sunan yanka. Malam Sumul ake ce masa, saboda duk abin da ya fito daga hannunsa sumul yake, ba zane, ba fure, ba ɗan madubin da ido zai tsaya a kai. Da farko tsokana ce. Daga baya ya karɓe sunan, har a masallaci yana amsawa.

'Yar ƙanwata ce ta sa na ɗauki biro. Aure za ta yi, kwanakin baya ta miƙo mini waya tana nuna mini gadon da take so: allo ɗaya miƙaƙƙe, ƙafafu gajeru, ba kwalliyar komai. Ta ce, "Anti, na waje ne, shi ake yayi yanzu." Na yi dariya har da hawaye, yarinya ta zaci raina zaɓinta na yi. Ina za ta sani cewa irin wannan gadon na taɓa yi wa kuka kwana biyu?

Baba ya yi makarantar koyon sana'a tun kafin a haife ni, a hannun wani tsohon malami da ya taɓa aiki da magina Turawa. Daga can ya taho da wani yagaggen littafi marar bango, cikin harshen da shi kansa ba ya karantawa, hotunan kawai yake kallo. Gidaje ne kamar akwatuna, da kujerun da aka lanƙwasa da bututun ƙarfe, da tebura masu ƙafa huɗu ba ƙari. Malamin ya gaya masa cewa wasu Jamusawa ne suka tashi bayan yaƙin duniya na farko, suka ce sun gaji da kayan da adonsu ya fi amfaninsu. A fara tambayar aikin da abu zai yi, siffarsa ta biyo baya. Baba yakan ce shi bai ga baƙon abu a ciki ba. Sai ya nuna turmin Inna da kujerar tsugunonta, ya ce wanda ya sassaƙa waɗannan bai taɓa zuwa Jamus ba. Littafin dai ƙarin taurin kai ya ba shi, kuma dama yana da rabonsa.

Aurena ya zo ne bayan an yi mana jiha da 'yan shekaru, lokacin da Dutse ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Kano, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Wanda zan aura ƙaramin ma'aikaci ne ɗan Haɗeja, ya samu ciki da falo a sababbin gidajen ma'aikata. Ni ce 'yar fari, don haka tsakanina da Baba kunya ce. Bai taɓa kiran sunana ba, "yarinyar nan" nake ko ina tsaye a gabansa. Amma da aka zo maganar kayan ɗaki, sai ya ce shi zai yi da hannunsa, kuma ba ya son kowa ya sa masa baki.

Wanda bai ga gadajen wancan lokacin ba, bari na ba shi labari. Allon kan gado sai ya kusa taɓa rufi. A kansa akwai ɗawisu biyu suna kallon juna, da madubai, da agogo, wani ma har da rediyo a jiki. Da wannan ake auna amarya. In dangin ango suka shiga ɗaki suka yi shiru suna ɗaga kai sama, to ubanki ya fitar da ke kunya. In kuwa suka kalli juna, kin shiga uku, don maganar za ta riga ki zuwa kowane suna da kowane biki har ki aurar da taki 'yar.

Baba ta awo ya fara. Ya sa Inna ta tsayar da ni a jikin bango, ta zana da gawayi inda hannuna yake kaiwa in na miƙa shi. Ya sa aka fito da kwanukan jerena ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi abin da har yau ake bayar da labarinsa a danginmu: ya rataya tef ɗinsa a wuya, ya hau keke, ya tafi gidan wanda zai zama surukinsa don ya auna ɗakin. Ina aka taɓa jin haka? Bawan Allah yana cikin singileti yana wanki ya ji sallamar uban amarya. Ya faɗa banɗaki ya kulle, bai fito ba sai da Baba ya gama auna ɗaki da falo da ƙofa da taga, ya yi wa ƙofar banɗakin sallama ya tafi.

Saura sati uku biki aka ce mu je rumfa mu gani. Gado ne na katakon madaci, da kabad, da durowa, da ɗan teburi, an goge su har suna sheƙi. Kuma shi ke nan. Na duba sama na duba ƙasa ina neman inda ido zai huta, ban samu ba. Na haɗiye abin da ke raina har muka dawo gida. A tsakar gida na sake shi, kuma da gangan na ɗaga murya, don na san Baba yana zaure yana ji. Na ce, "Inna, ni fa aure za a kai ni, ba asibiti ba. Wannan ai sai a ce ubana ba ya so na."

Ranar aka dawo da kwanon abincinsa yadda aka kai shi. Washegari ya ja tamfol ya rufe kayan a kusurwar rumfa, ya koma yin bencinan makaranta. Na san na yi ɓarna, amma tsoron dangin miji ya fi ƙarfin nadamata, kuma ko da zan ba da haƙuri, ta ina 'yar fari za ta fara?

Yayarsa, Gwaggo Delu, ita ta karɓi ragamar. Mace ce da ba ta taɓa yin kuskure ba a iya saninta. Ta ce ita ba za ta zauna ƙaninta ya kai 'yar gidansu ɗaki da allunan makaranta ba. Ta haɗa kan sauran gwaggonnina, aka aika Kano, aka zo da gado na gani na faɗa, ɗawisunsa har da idanun gilashi. Na gan shi na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba.

Ranar jere ina gida cikin lalle, ƙawayena ne suke ta kai-komo suna kawo mini labari gutsi-gutsi. A-kori-kura ta sauke gado tun da hantsi. Aka kawo shi bakin ƙofa, ya ƙi shiga. Aka karkata shi, aka kwantar da shi, aka cire ƙyauren ƙofar gaba ɗaya, ɗawisu suka ce su nan za su tsaya. Allon a dunƙule yake, ba ya rabuwa. Wani ya kawo shawarar a fasa bango, maƙwabci ya tuna musu gidan gwamnati ne. Har azahar gadon yana tsakar rana, mata sun kewaye shi, kuma bayan la'asar za a kai amarya ɗakin da ko tabarma ba a shimfiɗa ba.

Gwaggo Delu, wadda ta sha rantsewa ba za ta taɓa hawa acaɓa ba, ta tattara zanenta ta hau. A rumfa ta tarar da Baba yana fiƙe fensir. Ta ce, "Kai, tashi ka ɗauko katakwayen nan naka."

Ya ce, "Ai da kin tambaye ni, Yaya. Na san faɗin ƙofar."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ta ce gara a ce zaginta ya yi. Ya ɗora kayan a amalanke, a rarrabe, kowane allo da lambarsa a baya. Da sifana ɗaya ya shiga ɗakin. Kafin a kira sallar la'asar ya haɗa komai, ya fice ta bayan gida don kada ya haɗu da ango.

Kashegari dangin miji suka iso daga Haɗeja don buɗar kai. Ina zaune a lulluɓe, ta saƙar mayafi nake kallo. Surukata Hajiya, 'yar kasuwar kifi ce mai ido kamar na shaho, ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta juya sau ɗaya. Sai ta yi tambayar da na kwana biyu ina yi wa kuka: "Ba a ƙarasa ba ne?"

Kafin kowa ya yi numfashi Gwaggo Delu ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "An ƙarasa, Hajiya. Na Jamus ne. Ai ba kowa ya san shi ba." Wallahi da ƙyar na riƙe dariya a cikin mayafi.

Hajiya ta matsa kusa da kayan. Ta ja durowa da ɗan yatsa ɗaya, ta taho sulul. Ta buɗe kabad, ta ga kowane kwano ya zauna daidai wurinsa. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin gado, inda tsintsiya za ta shiga har bango. A nan idonta ya faɗa kan notunan da suka haɗa gadon. Ta tambaya ko kwancewa yake yi, aka ce mata a amalanke ya zo. Sai ta juya ga 'yan'uwanta ta ce, "Kun tuna gadona da ruwa ya ci? Mutum shida suka kasa fitar da shi." Su mutanen bakin kogi ne, in ambaliya ta zo, abin da za ka iya ɗauka shi ne naka. Kafin su hau mota sai da ta sa aka nuna mata hanyar rumfar Baba.

Bayan wasu shekaru, da aka ƙaddamar da shari'a, sai ga kasuwarsa ta buɗe ta inda bai zata ba. Mutane suka fara jin nauyin kwana a ƙarƙashin siffar tsuntsu, aka riƙa kawo masa alluna ya kankare musu ɗawisu. Waɗanda suka yi shekaru suna tsokanarsa suka koma cewa ashe Malam Sumul tun da can gudun duniya yake yi. Bai yarda ya karɓi yabon ba. Ya ce, "Tsoron Allah ina da shi daidai gwargwado, amma wannan na kuɗin cizo ne. Duk ramin da ka sassaƙa, ɗaki ka gina musu." Gwaggo Delu tana wurin, ta kau da kai, don gadon Kano a ɗakinta ya ƙare, kuma duk bazara sai an fito da shi rana an kwara masa tafasasshen ruwa.

Yau in na ratsa shagunan kayan ɗaki a hanyar Kiyawa, sai na ga kamar an buɗe yagaggen littafin nan an baza shi a bakin titi. Ko'ina miƙaƙƙun alluna ne, har gidajen da ake ginawa sun koma akwatuna. Na san da Baba yana nan da ya ji daɗi, da ya ce a je a ɗauko masa Yaya ta gani. Amma na san kuma da bai tsaya a kallo ba. Da ya ja durowa ya ji ko tana cijewa, ya ƙwanƙwasa allo ya ji katako ne ko garin katako da aka matse, irin wanda ke kumbura da ya sha ruwa sau ɗaya. Da ya tambayi mai shagon ko ya je ya ga ɗakin, ko ya san tsawon matar da za ta yi amfani da kabad ɗin. Yawancinsu hoton suka kwafa daga waya. Rashin ado ya zama shi ne adon, kuma wannan da ya ba shi dariya ƙwarai.

Rumfarsa yanzu shagon cajin waya ce, littafin ma ban san hannun da ya faɗa ba. Kayan ɗakina kuwa sun bi ni gida huɗu, ba abin da ya taɓa girgiɗi. Amma in aka ce na zaɓi abu ɗaya da ya rage mini na Baba, ranar da na fara zuwa ganin gida zan zaɓa. Tun a hanya nake tsara kalmomin ban haƙuri. Na same shi a zaure yana washin zarto, na durƙusa, na ce, "Baba, maganar nan da na yi..." Sai kuka ya tare ni.

Kunya ta kama shi fiye da ni. Bai ɗago ba, ya ci gaba da goga zartonsa. Can ya ce, yana kallon bango, "Yarinyar nan, in ta zauna a bakin gadon, ƙafarta tana taɓa ƙasa?"

Na ce, "Tana taɓawa, Baba."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Abin da ya dame ni ke nan. A shiga ciki a gaida Inna."

Allah ya jiƙan Malam Sumul, ya sa ya huta.