Kyautar Gwaggo Tasalla

Gwaggo Tasalla ba ta taɓa shiga gidan kowa hannu rabbana ba, kuma abin da ya sa muke tsoronta ke nan. Ku da kuka zauna da ita a Gangaren Tudu kun san yadda take tahowa: ƙunshi a hammata, basilla soke a ɗankwali, tana tafe tana duban ƙasa. Da an hango ta a bakin layi sai mata su hau sharar tsakar gida, maza kuma kowa ya tuna yana da uzuri a kasuwa.

Yayar mahaifina ce, ita ta goye shi. Sana'arta saƙa: faifai, mafici, adudu, tabarma, malfa. Da kanta take rina kabarta, ja da baƙi da ruwan ɗorawa, kuma in ta zauna wa faifai sai ka rantse zana shi aka yi. Sai dai kyautarta magana ce. In ta kawo maka mafici, to zafin rai ya yi maka yawa. In faifai ne, bakinka na neman murfi. In adudu ne, kin cika watsa kayan gida da sirrin gida. Ba ta ƙara bayani. Ta ajiye ta tafi, kai kuma ka wuni kana laluben laifinka.

Maigidana bai san haka ba lokacin da muka tare a unguwar Yara. Ta kawo masa 'yar tabarmar salla mai kyau, da zanen baƙi a gefe. Ya karɓa da hannu biyu, baki har kunne.

"Gwaggo, wannan ai ta fi ƙarfin a taka ta."

"Shi ya sa na kawo maka," in ji ta. "A hannunka za ta daɗe."

Sai da ta fita maganar ta isa inda aka aike ta. Daga ranar, bawan Allah nan yakan riga ladan isa masallaci da asuba, har ladan ya fara zargin kujerarsa ake nema.

Akwai wata hajiya mai shagon kayan kyauta a Abuja da ta zo wa Gwaggo da hotuna a waya. Tana son ƙananan faya-fayai na ɗora kofi, da adudu ruwan toka da fari, irin na ajiyewa a falo. Gwaggo ba ta ƙin sabon abu. Ta duba hotunan, ta ce wannan ya yi, wancan mai shi ba ya da ido. Matsalar dai hajiyar ba ta yin shiru, kuma ko'ina ta juya sai ta yi wa direbanta tsawa. Da aka gama ciniki, Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito mata da gyara: mafici da faifai, a haɗe. Muka dubi juna. Hajiya ta rungume su tana godiya, ta dube ni ta ce, "Maman nan tana sona." Na ce, "Ƙwarai, Hajiya. Ba kowa take ba biyu ba."

Amma ranar da ta fi kaɗa mana hanji ita ce ranar awon Baba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, aka yi magani, likita ya ce ya warke, shi kuwa ya ce ina, tafiya ta zo. Ya ƙi tashi, ya ƙi abinci, kullum sai ya tara mu ya yi wasiyya. Wata rana da hantsi sai ga Gwaggo, ba ƙunshi, sai wani dogon karan dawa a hannunta. Muka gaishe ta, ba ta amsa ba. Baba na jin takunta ya rufe ido, dabarar da yake mata tun yana yaro.

Ta durƙusa ta shimfiɗa karan a gefensa, daga kai har tafin ƙafa, ta karya abin da ya yi saura. To kowa ya san lokacin da ake auna mutum da kara, kuma kowa ya san inda ake kai karan. Mahaifiyarmu ta zame ta zauna a ƙasa tana salati. Ni kuwa na riƙe ƙyaure. Mun san matar nan ba ta kuskure a kan halin mutum, to wa ya sani ko ta hango abin da likita bai gani ba?

Baba ya buɗe ido ɗaya. "Yaya, me ake aunawa?"

"Kai."

"Da raina?"

"Ba kai ka ce ka kusa ba, Audu? Gara a shirya da wuri."

Ta saɓa karanta ta fita. Ba wanda ya iya bin ta ya tambaya. Gumi ya karyo wa Baba. Can ya ce a ba shi kunu, ya shanye, ya ce a ƙaro. Ya nemi takalmansa. Kafin la'asar yana zaune a ƙofar gida yana ɗaga wa kowa hannu, har waɗanda ba ya shiri da su, don dai gari ya shaida yana nan. Bayan kwanaki Gwaggo ta dawo da doguwar tabarma mai jan baki, daidai tsawonsa.

"Ta zaman ƙofar gida ce. Tsohuwar ta yi maka gajarta, dugaduganka na cin ƙasa."

"Haba Yaya, ai da kin faɗa."

"Da na faɗa, da ka tashi?"

Wancan tsoro ne da ya ƙare da dariya. Na hanyar Nasarawa kuwa har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Bikin 'yata Usaina ya matso, Gwaggo ta ce ba za a kai jikarta ɗaki da roba kaɗai ba, sai da ƙwarya mai zane, irin wadda ƙawarta Dije take sassaƙawa a rugarsu. Lokacin kuwa maganar satar mutane ta cika gari. Na roƙe ta a aika a kawo.

"Ba a aiken ƙwarya," in ji ta. "Sai an ƙwanƙwasa an ji muryarta. In kina tsoro ki zauna."

Na auna tsoron daji da tsoron Gwaggo, na ɗauki mayafina.

Mota ta sauke mu a bakin titi, muka kama 'yar hanya cikin dawa. Ba mu yi nisa ba wasu maza suka fito gabanmu, fuskokinsu naɗe da rawani, ɗaya da bindiga a kafaɗa da tsohuwar malfa a ka. Na fara Ayatul Kursiyyu, na kasa wuce farkonta, ina ta maimaita wuri ɗaya.

"Ina za ku?" in ji mai bindigar.

Gwaggo ba fuskarsa take kallo ba, kansa take kallo. "Wa ya saƙa maka wannan?"

"Tsohuwa, tambayarki nake."

"Ni ma tambayarka nake. Miƙo nan."

Har gobe ban san dalili ba, amma ya cire ya miƙa mata. Ta sami dutse ta zauna, ta zare basilla, ta jawo kaba daga ƙunshinta, ta hau kama bakin malfar da ya warware. Ba mai motsi. Ɗaya daga cikinsu ya zagayo bayana ya tsaya, ina jin numfashinsa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Uwarka na da rai?"

Ya ce, "Tana nan."

"Ta san inda kake?"

Ta ciji sauran kabar ta tofar, ta miƙa masa. Ya juya malfar a hannu, ya kifa a ka, ya dubi 'yan'uwansa, sannan ya matsa gefe. "Ku wuce. In za ku koma, kada ku biyo nan."

Da muka isa ruga na ba mijin Dije labari, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce ba su san su ba, su ma tun jiya suka hana kowa fita kiwo ta wannan ɓangaren. Shi da ƙannensa suka rako mu ta wata hanya har titi. A mota kuka ya ƙwace mini. Gwaggo kuwa tana ƙwanƙwasa ƙwaryarta a kunne, can ta girgiza kai ta ce, "Amma wanda ya saƙa malfar nan ba ya tsoron Allah."

Da daminar bara ciwo ya kwantar da ita, hannuwan suka daina riƙe basilla. Wata rana ina shafa mata man zafi a yatsu ta ce, "Jummai, tsoro nake ji."

Ban taɓa zaton zan ji kalmar nan a bakinta ba. Na ce, "Na me, Gwaggo?"

"Na tsayuwa gaban Mai sama. Ya ba ni hannu mai kyau, na riƙa aiken sa inda harshe ya kamata ya yi haƙuri. Ki bi mini gida-gida ki roƙa mini gafara."

Na bi. Ba wanda ya bari na kai ƙarshen magana, wasu har da hawaye. Malam Iro mai shayi ya ce ya yafe duniya da lahira, sannan ya leƙa bayana ya rage murya. "Ba ta dai ba ki wani abu ki kawo mini ba ko?"

Da na faɗa mata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ba ta ruwa. Ba ta ƙara mako a duniya ba.

Ya Allah, baiwarka Tasalla ta taho gare ka tana jin tsoro. Ka kwantar mata da hankali, ka yafe mata, ka yalwata makwancinta ka haskaka shi. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.