Ordinater Mai Jiran Alwala

Baba Kailu maginin rijiya ne tun kafin a san muryarsa a rediyo. A wani ƙauye kusa da Tabla aka haife shi, kuma bai ko fara gemu ba ubansa ya ɗaura masa igiya a ƙugu ya zura shi cikin rami. Daga ranar bai daina shiga ƙasa ba sai da kansa ya yi furfura. Ya yi gina a cikin dallol, wato babban kwarin nan namu, inda ruwa ke kusa. Ya yi a tudun Sanam, inda mutum ke sauka har sama ta koma masa kamar bakin ludayi. Yakan ɗebi ƙasa ya murza, ya sansana, ya ce wa masu jan igiya ruwa ya kusa ko kuwa a sake wuri. Ni maƙwabcinsa ne a Filinge. Abin da na rubuta nan, rabi daga bakinsa na ji shi a ƙofar gidansa, rabi daga bakin Hadiza, wadda za ta shigo nan gaba.

Ƙirji ne ya fito da shi daga rijiya. Numfashinsa ya riƙa yankewa in ya yi nisa a ƙasa, matarsa Muna ta ɓoye igiyarsa a rumbu ta ce ta ɓata. Ya san inda take, bai ɗauko ba. Ya shiga ajin manya ya koyi baƙaƙen boko, yana haɗa su a hankali kamar mai jera duwatsun bakin rijiya. Da aka buɗe ƙaramar rediyo a gari, sai aka ba shi shiri ranar kasuwa bayan la'asar, mai suna Bakin Rijiya. Yakan zaga ƙauyuka da ɗan rakoda, ya ɗauko muryar tsofaffi suna faɗin wanda ya gina rijiyar garinsu da wanda ya fara shan ruwanta. A ƙarshe kuma ya faɗa wa makiyaya wace rijiya ke da ruwa, wace ta ƙafe, wace ta rufta. Wannan ƙarshen ne mutanen daji ke jira.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, wato 2010, abubuwa biyu suka haɗu. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rijiyoyi suka ja baya, dabbobi na faɗuwa a hanya. Sannan masu tallafa wa rediyon daga waje suka janye hannu, ma'aikatan da ke zama gaban na'ura suka watse. Aka bar Hadiza ita kaɗai, wata budurwa da ta yi karatun na'urori a Yamai, ita ce kuma mai kula da injin wuta da eriya. Darakta, Alhassan, ya tara masu shiri ya ce daga yanzu kowa shi zai sa muryoyinsa da hannunsa daga ordinater, wato kwamfuta. Wanda bai iya ba kafin damina ta faɗi, a ba wani lokacinsa.

Alhassan taubashin Kailu ne, saboda haka bai bar shi ya fita salin alin ba.

"Kai kuma bawana, wanga ba dagi ba ne. In ka buga shi ba ruwa za ya hito ba."

"Ka bar ni da shi," in ji Kailu. "Na shiga inda ubanka bai leƙa ba."

Ordinater ɗin na ɗorawa a cinya ne, tsoho, wata ƙungiyar taimako ta bari. Ubuntu ke cikinsa, wani tsari na Linux wanda Hadiza ta ce ba a kulle yake ba, duk wanda ya iya yana da izinin buɗe cikinsa ya gyara. A ƙasan maɓallan akwai ɗan fili mai santsi da ake shafawa da yatsa, sai wata 'yar kibiya ta motsa a allo. A gidan rediyon wurin shafa ake ce masa. Ba a iya jona masa suri, wato ɗan ɓeran nan na hannu, don cikin kafofin jonawa biyu ɗaya ta mutu, ɗayar kuma wayar sauti ke ciki. An taɓa gwada abin raba kafa, sai ya riƙa sa ƙugi a iska. Dole sai wurin shafa.

Kowa ya koya. Mai shirin wa'azi ya koya, mai gaishe-gaishe ya koya. Kailu ya zo da hantsi, ya zauna, ya ɗora yatsa ya ja. Kibiya ba ta motsa ba. Ya danna da ƙarfi har allon ya girgiza, tana nan inda take. Hadiza ta miƙa hannu ta shafa, kibiya ta ruga kamar an kore ta.

"Sake gwadawa, Baba. A hankali."

Ya sake. Shiru.

Hadiza ta ɗauka laifin na'ura ne. Ta goge wurin da tsumma. Ta zare wayar caji, don ta san wutar inji kan rikita kibiya. Ta jona ɗan kile, wato ɗan abin kamo intanet, ta yini tana sauko da sabon direba, wato ɗan shirin da ke fassara wa na'ura motsin yatsa, layin na yankewa tana sakewa. Ta kashe ta kunna. Kowane gyara ta yi, in ta gwada lafiya lau, in Kailu ya zo da hantsi sai a koma gidan jiya.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne wani lokaci tana yi masa. Wata rana ya biyo daga masallaci bayan azahar, ya taɓa kawai don wasa, kibiya ta bi shi. Ya kai ta dama, ya kai ta hagu, ya buɗe muryar wani tsoho na garin Damana da kansa. Ya ce mini ranar ya koma gida yana ji kamar ranar da ya fara cin ma ruwa a rijiyarsa ta fari. Washegari da hantsi ta sake ƙin sa.

Mutumin da ya saba lura da ƙasa bai daɗe ba ya gano lokutan. In ya fito daga salla tana karɓarsa, in ba haka ba ba ta san shi ba. Ya faɗa wa Hadiza.

"Ɗiyata, abin nan alwala yake so."

Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. "Baba, ai ba shi da addini."

"Ban ce yana da addini ba. Na faɗa miki abin da na gani."

Ta ɗauka dace ne kawai, ta ci gaba da neman laifin a cikin na'ura. Shi kuwa ya riƙe abin da ya gani. Ranar kasuwa ya sabunta alwala, ya yi la'asar, ya shiga ɗakin shiri ya zauna shi kaɗai. Farko komai ya tafi daidai. Ya yi sallama, ya sa muryar tsoho na farko, ya yi bayani. Lokacin bazara ne, ɗakin kamar tanda. Da ya zo sa murya ta biyu, wadda wani makiyayi ke faɗin rijiyoyin da suka rage da ruwa a arewacin Sanam, kibiya ta tsaya. Ya shafa, ya shafa. Duk ƙasarmu ta Kurfai ta ji numfashinsa a rediyo, ta ji yana cewa a hankali, "Haba, ke kuwa." Sai da Hadiza ta baro injin wuta ta rugo ta sa masa.

Alhassan na jiransa a bakin ƙofa.

"Kai, alwalarka ba ta kai rabin shiri? Mi Muna ke ba ka, wake?"

Waɗanda ke wurin suka fashe da dariya, har Kailu ya ɗan yi. Amma da ya juya zai tafi, Alhassan ya biyo shi ya rage murya. Ya ce ba ya so ya raba shi da shirin, sai dai Hadiza ba za ta iya barin inji kullum ba, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kailu ya ce ya ji. Matarsa Muna ta faɗa mini a kwanakin nan ba ya gama tuwonsa. Yakan zauna ya juya hannunsa yana kallo, ya ce mutane na kora garke zuwa rijiyar da ya san ta ƙafe, shi kuma yatsa ɗaya ya gagare shi.

Hadiza ta rubuta matsalar da Faransanci a wani zaure na intanet inda masu amfani da Linux ke taimakon juna. Wani da ba ta san ƙasarsa ba ya amsa. Bai ba ta magani ba, tambaya ya yi mata: na'urar ce ke ƙin kowa, ko mutum ɗaya take ƙi? Ya kuma nuna mata yadda za ta sa allon ya riƙa nuna lamba, ta yadda na'urar ke jin yatsa duk lokacin da aka taɓa.

Tana cikin wannan tunani ranar da Kailu ya shigo ya gaisa da Alhassan. Alhassan ya janye hannu yana yarfawa.

"Wanga hannu naka kofaton jaki ne. Kullum sai ka kankare mini fata."

Hadiza ta ce a nan ta tsaya cak. Duk mazan gidan rediyon sun san hannun Kailu, kullum suna musabaha da shi, amma ba su san cikin na'ura ba. Ita da ta san cikin na'ura ba ta taɓa riƙe hannunsa ba, kuma ba za ta riƙe ba. Daga nesa take gaishe shi, ta ɗan rusuna.

"Baba, don Allah buɗe tafinka in gani."

Ya buɗe a kan tebur. Na san hannun nan, amma ban taɓa kallonsa sosai ba sai da ta ba ni labari na je na duba. Kan yatsun ya yi kanta mai kauri, fari-fari, a bushe kamar ɓawon goriba. Zanen da ke yatsan kowane ɗan Adam babu shi a nasa, igiya da dagi sun cinye.

Ta buɗe baƙin allon da ake rubuta wa na'ura umarni, ta kira lambobin. Ta ɗora yatsanta, lamba ta haura sama da sittin. Alhassan ya ɗora, kusan haka. Kailu ya ɗora. Lamba ta fito, ƙarama, ba ta kai ashirin ba, tana rawa.

"Ka gani, Baba? Tana jin ka. Tun ran farko tana jin ka."

"To mi ya hana ta amsawa?"

Ta bayyana masa cewa wurin shafa ba nauyin hannu yake ji ba, jikin mutum yake ji ta cikin fata, kuma busasshiyar kanta tana tare shi. Ruwan alwala na jiƙa fatar, sai lambar ta hau, in ya bushe ta sauko. Waɗanda suka rubuta direban sun sa iyaka: duk abin da bai kai talatin ba, kada a ɗauke shi yatsa.

Kailu ya daɗe yana kallon 'yar lambarsa tana rawa a allo.

"Su waɗanda suka sa iyakar, ba su taɓa ganin hannu irin wanga ba?"

"Wataƙila ba su gani ba. Amma sun bar ƙofa a buɗe."

Alhassan ya ce ai abin ya zo da sauƙi, a aje masa buta gefe ya riƙa tsoma yatsa. Hadiza ta ce ruwa ba zai zauna kusa da na'urar da ba su da ta biyu ba. Ta rubuta layi ɗaya, ta sauko da iyakar ƙasa da lambar Kailu. Ta ce ya taɓa. Hantsi ne, rabonsa da ruwa tun asuba. Ya ɗora busasshen yatsansa, kibiya ta taso ta bi shi. Ya zaga da ita kusurwa huɗu na allon, a hankali.

Gyaran ya zo da tasa matsalar. Da mai gaishe-gaishe ya zauna da yamma, kibiya ta riƙa tsalle tun kafin ya taɓa, tafinsa na kusantowa ta buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba. Sai Hadiza ta mayar da iyakar yadda take ga kowa, ta buɗe wa Kailu mashigarsa daban da sunansa, ta sa na'urar ta riƙa sauko da iyakar duk lokacin da aka shiga ta nan. Ya koyi rubuta sunansa a maɓallai, baƙi biyar, da yatsa ɗaya.

Ranar kasuwar da ta biyo, Hadiza ta zauna a bakin injin wuta da ƙaramar rediyo a cinya, ba ta leƙa ɗakin ba ko sau ɗaya. Ni ina cikin kasuwar dabbobi, wajen wani mai shayi da ya ƙure murya. Muryar tsoho ta farko ta shiga, ta biyu ta shiga, ta uku ta shiga, babu yankewa. Sannan Kailu ya jero rijiyoyin, ya ce kada wanda ya kora garke zuwa ta bakin dutse, ta ƙafe, a bi ta yamma da ita, akwai ruwa in an yi haƙurin ja. Na ga wani Bafulatani ya aje kofinsa da sauran shayi a ciki, ya ɗauki sandarsa ya tafi neman ɗan'uwansa. Alhassan bai sake ta da maganar ba wa wani lokacin ba.

Kailu ya ci gaba da shirin bayan an koma mulkin farar hula, shekaru da dama, har numfashi ya hana shi doguwar magana. Kafin ya bari, wata mai saƙar tabarma da ake kira Dijatu ta karɓi shirin mata, ita ma kibiya ta ƙi ta, don kaba ta cinye mata yatsu. Ba a ko kira Hadiza ba. Kailu ya kama kujera ya zauna gefenta, ya nuna mata baƙaƙen sunansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta nan masu hannu irin namu ke shiga. Ta shiga, ta shafa, ta sa muryar matan Tondikandiya suna daka.