Farar Fitila a Hanyar Illela

Mun tashi da asuba daga Ƙonni, ana sallame salla, ni da kawuna a cikin tsohuwar bashensa, motar nan mai buɗaɗɗen baya da mutanen tsallaken iyaka ke ce wa a-kori-kura. Illela muka nufa, ta can arewa cikin Adar, ba ta Najeriya da ke nan bakin hancinmu ba. Ni barka zan je wurin yayata da ta haihu. Shi kuwa ranar kasuwa ce, kuma shekara da shekaru shi ke kwasar mutanen ƙauyukan hanya da kayansu.

Abin da ya sa na ƙi shiga kowace mota sai tasa shi ne sabuwar fitila. Jiyan ranar na tarar da shi wurin mai gyaran wutar mota, na tsaya kallo har na manta da aiken da aka yi mini. Dinamon motar ya tsufa, in aka daɗe da fitila a kunne batir ya mutu, sai an tura. Mai gyaran ya ce yana da magani. Ya sayo cocila 'yar China guda goma sha biyu, ya farke cikinsu, ya ciro 'yan ƙananan ƙwayayen nan farare da ya ce ana kira led. Ya jera su a kan faifan gwangwani, ya liƙe da dalma, ya haɗa da wasu abubuwa kamar ƙwayar shinkafa masu zane-zane, wai su ke hana ƙarfin batir ƙona su. Na tambaye shi bambancinsu da tsohon ƙwan fitila. Ya ce tsohon ƙwai cin wuta yake kamar gara, wannan kuwa lasa kawai yake yi. Jika bakwai, wato sefa dubu bakwai, kawu ya biya, bai ko yi tayi ba.

Da ya kunna ta a ƙofar gida, sai da numfashina ya tsaya. Haske ne fari tas, da ɗan shuɗi-shuɗi a gefe, kamar an ɗebo farin wata an zuba a faranti. Ku ƙawayena da muke musayar littattafan soyayya kun san irin motar da saurayi ke fakawa a ƙofar gidan su yarinya, haskenta ya cika unguwa, zuciyarta ta buga. To haka na zauna a gaba, na gyara mayafi, na ɗauke kai kamar ni aka zo ɗauka. Ƙofar da ke gefena da igiya aka ɗaure ta, amma ban bari wannan ya ɓata mini labari ba.

Kafin mu kai Tsarnawa na gane wani abu. Fitilar ta fi kyau ga mai kallonta daga waje. Daga ciki ba ta da nisa, kuma tana shafe inuwar ramuka, sai hanya ta yi kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma, sai kun faɗa ku sani. Kawu ya matso da ƙirjinsa jikin sitiyari yana ƙanƙance ido. Na ce ko tsohuwar ta fi nisa? Ya ce idona ne bai saba da abin zamani ba.

A Tsarnawa muka karya arewa. Masu ƙosai sun fara hura wuta, amalanken shanu na fitowa da damman gero, don kaka ce, ko'ina ƙamshin sabon kara. Bayan 'yar tafiya muka sauka daga kwalta muka bi jar hanya mai ratsa ƙauyuka. Kawu ya ce yanzu zan ga jama'arsa. Ba takarda tsakaninsa da su, ba alkawari, sabo ne kawai: su fito bakin hanya tun da duhu, shi kuma ya tsaya. Ya ce akwai wani direba mai sabuwar mota da ke biyo bayansa da kamar awa ɗaya, ya daɗe yana zawarcinsu, ko mutum ɗaya bai samu ba.

Matsaya ta farko gindin wani gawo ce. Ba kowa. Sai faifai a ƙasa da takalmi ƙafa ɗaya. Kawu ya danna oda, ya jira, muka wuce. A ta biyu buhun wake muka tarar a tsaye shi kaɗai, an ɗaure bakinsa da kyau, ba mai shi. A ta uku na gani da idona: tun daga nesa mutane suka watse cikin karan dawa, wani da jarka a ka, wata tana jan akuya. Kawu ya fito ya yi ta kiran sunaye. Karan dawa ya yi shiru.

Ya dawo ya ja motar. Mota ba kaya sai tsalle take a kan hanya, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Gari ya waye muna tafe, ya kashe fitilar.

A Badagishiri muka tsaya shan shayi. Shayi da madara dala talatin a kuɗinmu na sefa, burodi rabi dala goma sha biyar, kuma burodinsu ya fi namu tauri amma ya fi daɗin tsomawa. Mai shayin tsohon sanin kawu ne, sai dai gaisuwarsa ta fito a taƙaice. Ya miƙo kofi yana kallon bayan motar.

"Alhaji, ashe an sake ka?"

"Wa ya kama ni?"

"To, mu dai haka munka ji ta wayar salula. Wasu sun ce duwan sun amshe motar suna hwarauta da ita. Wasu kuma sun ce..." Ya tsaya yana goge tebur. "Sun ce ba amshewa anka yi ba. Tare kuke."

Kawu ya ajiye kofin bai sha ba. A yankinmu kusan kowa na da ɗan abin da ya tsallako da shi daga Najeriya, ko sabulu, ko turmin atamfa, ko jarkar fetur. Direban da aka ce yana kai rahoto wurin jami'an duwan, wato kwastan, ya gama aiki a wannan hanya, ko da motarsa ta zinariya ce. Ba lodin yini ɗaya ya rasa ba, sunansa ne ke shirin tafiya.

Hanyar Illela daga nan duwatsu ne baƙaƙe da kwaruruka, ƙasar ta bambanta da tamu sarai. Na so in ji daɗin kallo, amma damuwar kawu ta hana ni. Da muka isa na je na ga jaririya, na ci tuwon gero da miyar kuka, na ba da 'yan kayan barka, amma hankalina na tasha. Kafin azahar na dawo.

Na tarar da shi zaune a inuwar motarsa. Can gefe ga sabuwar motar nan, ta sauke mutanensa kaf. Suna wucewa ta gabansa suna sunkuyar da kai. Sai wata tsohuwa mai sayar da daudawa ta taho da sandarta, ta tsaya a kansa.

"Kai, ɗan nan, mi munka yi maka?"

"Inna, ni zan tambaye ku. Na tsaya, na yi oda, na yi kira."

"Mun ji. Amma motarka ido ɗaya gare ta ja-ja kamar na mai zazzaɓi, ɗayan kuma lumshe. Da shi muka sanin kai ne tun kana bayan tudu. Yau sai ga hwarin haske irin na manya. Wa za ya tsaya?"

"To ke Inna, mi kika ɗauko da za ki gudu?"

"Daudawa. Amma in kowa ya ruga, ni in tsaya in zama shaida?"

Wasu da ke kusa suka yi dariya, suka ɗan matso. Kawu bai yi rantsuwa ba, bai yi dogon bayani ba. Ya ɗauko sukudireba ya kwance gilashin fitilar hagu, ya zaro faifan gwangwanin da wayoyinsa, ya ɗora a tafin hannu. Mutane suka kewaye. Tsohuwar ta leƙa, ta sake leƙawa, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da cocilarta 'yar China, ta kunna ta kusa da shi. Ƙwaya iri ɗaya, haske iri ɗaya.

"La ilaha! Ashe cocila ta kore mu cikin kara! Ni da na bar takalmina!"

Tasha ta ɗauki dariya. Mai buhun wake ya ce shi har addu'ar rabuwa ya yi wa buhunsa. Amma wani mai fetur, wanda jarkarsa ta fashe garin gudu, bai yi dariya ba. Ya ce cocila ko ba cocila ba, shi ba zai iya rarrabe wannan haske da na hukuma daga nesa ba, kuma ba zai riƙa caca da abincin 'ya'yansa kowane mako ba. Maganarsa gaskiya ce. Kawu ya ce tsohon ƙwai ba zai dawo ba, don batir ba zai ɗauka ba.

Tsohuwar ce ta nuna fasasshiyar jarkar da sandarta, irin ruwan ɗorawar nan ta man girki. Ta ce a yanko mata gefenta. Aka kankare robar da wuƙa har ta yi sirara, kawu ya sa ta a bayan gilashin hagu ya ɗaure. Ya kunna, muka kare da mayafina don mu gani. Dama fari, hagu ruwan ɗorawa. Kyan nan da ya tsayar mini da numfashi da asuba ya tafi, motar ta koma kamar mai ciwon ido.

"Yawwa," in ji tsohuwar. "Yanzu ka zama kai. Ko duwan ba su yarda su hita da wagga muni."

Da la'asar aka fara lodin komawa, motoci biyu a jere. Ba wanda ya motsa da farko. Sai tsohuwar nan mai daudawa ta miƙa wa kawu ƙwaryarta, ta ce a ɗaga ta. Mai wake ya biyo, sai mai akuya, sai saura. Mai fetur ya shiga sabuwar motar, ya ce sai ya gani tukuna. Kawu ya ce ba laifi, ya yi masa fatan sauka lafiya.

Mun sauke su ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa zai shaida wa na gida. Magariba ta same mu kafin kwalta, kawu ya kunna fitila, hasken ya ƙara raguwa, muna tafe kamar masu neman allura. Can gaba, a wani ƙauye da ke gaban inda muka sauke mutane biyu, labari ya riga mu. Wata mata da tulu a ka ta tsaya bakin hanya, ta ɗaga hannu tun muna nesa. Ba shiga za ta yi ba, gaisuwa ce kawai. Kawu ya danna oda sau biyu, na ji ya sauke ajiyar zuciya.

Mun shigo Ƙonni ana kiran isha'i. Mai gyaran wuta na zaune ƙofar shagonsa, ya ga robar, ya dafe kai ya ce an ɓata masa aiki, gobe a kawo ya cire. Kawu ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba za a taɓa ta ba.

Ni dai na koyo abin da littattafaina ba su faɗa mini ba. Kullum a ciki ana ba da labarin mai zuwa da hasken motarsa, ba a cewa komai game da masu jira a bakin hanya, da abin da suke dubawa kafin su fito. Kawu ya sayi fitila don ya ga hanya, ya manta mutanen hanya ma da ita suke ganinsa.