Kurciyar da Ta Ce Ba Kafaɗa Ba Ce

Wutar falonmu a Greensboro ba ta cin itace. Maɓalli ake murɗawa ta kama, kuma har Kaka ta koma Tasawa ba ta daina yi mata kallon raini ba. Duk da haka a gabanta take shimfiɗa darduma bayan an ci tuwo, ta miƙe ƙafafu, ni da ƙanena Sani mu zauna a gefenta ta yi mana tatsuniya. Da yake Sani da Turanci yake amsa komai, ta gaji da jiran amsar da aka saba bayarwa in an buɗe tatsuniya, sai ta riƙa cewa, "Ga baƙuwa nan ta taho, ku matsa mata." Mu kuwa mu matsa da gaske.

Babanmu shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son ya ƙara mata bargo, ni za ta duba ta ce, "Wasu gidajen ana sanin tsofaffi na jin sanyi." Lokacin dariya abin yake ba ni.

A sanyin shekarar nan Baba ya gaji da ɗaukar kwali a sito, bayansa ya fara ciwo. Amininsa Baba Idi, wanda suka taso unguwa ɗaya, yana gadi da bindiga a wani kamfani, shi ya ce masa gurbi ɗaya zai buɗe, amma sai an ci gwajin harbi. Ya ara masa wata ƙatuwar fistol mai nauyin tsiya, duk Asabar ya ɗauke shi su tafi wani filin harbi wajen garin Samafil. Bindigar kuwa ta ƙi Baba. Ya harba ɗaya, ta daki hannunsa kamar shurin jaki, sai ta cije, kwanson harsashin ya maƙale a bakinta. Ya wanke ta, ya shafa mai, ya canja harsashi, ya canja gidan harsashin, duk a banza. Baba Idi kuwa maganarsa ɗaya ce: "Babba ce, ba ta son hannu sako-sako. Wuyan hannunka ne, ƙanƙame ta." Haka Baba ya koma tsayawa a kicin da galan ɗin madara a miƙaƙƙen hannu, har wuyan hannun ya kumbura Mama ta riƙa gasa masa.

Ana nan muka je wani suna, Kaka ta zauna cikin mata. Daga baya Mama ta gaya mini abin da Kaka ta jiyo. Matar Baba Idi ce ta saki baki, ba ta lura da uwar wa ke kusa ba, tana cewa bindigar nan tun bara mai gyara ya ce sifirin ɗin cikinta ya gaji, a hannun kowa cijewa take. Matar ta ƙara da cewa ƙanenta ma zai shiga gwajin.

Ranar da yamma, Baba na tebur yana goge bindigar, Kaka ta zo da sabuwar baƙuwa, muryarta kuma ta fi ta kullum ƙarfi. Wai an yi wani maharbi da amininsa maƙeri, kwano ɗaya suke ci. Gari zai naɗa sarkin baka, sai maƙerin ya ba shi bindiga. In ya harba ta make shi a kafaɗa, in ya sake ɗurawa ta ƙi tashi. Maƙeri ya ce kafaɗarsa ce ta mutu. Maharbi ya bi masu magani, aka yi masa tsaga, aka yi masa ƙaho, ya sha sassaƙe har ya rame. Kullum in ya wuce gindin tsamiya, wata kurciya sai ta rera:

"Ba kafaɗa ba ce, ɗan mutum,
ba kafaɗa ba ce.
Miƙa wa mai ita ya harba,
ka tsaya ka gani."

"To ya ji?" Sani ya tambaya, da Hausarsa mai ɗingishi.

"Wa ya sani," in ji Kaka, tana kallon wutar. "Kurciya dai ta faɗi nata. Ku tashi, baƙuwa ta gaji."

Washegari ita ta sake kawowa, rana ta uku ma ita. Muka yi ƙorafi har muka haƙura, muka haddace waƙar muna rerawa a motar makaranta. Baba kuwa galan ɗinsa kawai yake ɗagawa. Sai Asabar ɗin ƙarshe kafin gwajin ya miƙa wa Baba Idi bindigar ya ce, "Harba in ga yadda ake riƙewa." Baba Idi ya ce bai sa abin toshe kunne ba, Baba ya cire nasa ya ba shi. Baba Idi ya harba ɗaya, ta cije. Suka tattara suka dawo gari.

Baba ya samu aron lafiyayyar bindiga wajen wani Malam ɗan Kumasi, amma aikin gama ya gama. Hannunsa ya riga ya koyi tsoro, tun kafin ya ja kunamar yake zabura, harsashin ya tafi ƙasa. Ya faɗi gwajin. Ƙanen matar Baba Idi ya sa kakin gadi, Baba ya koma kan kwalayensa, ya yi shekaru a can da bayan nan nasa. Abin da ya fi ƙona mini rai, da Sallah Baba Idi ya zo gidanmu da yaransa, ya ci soyayyen nama har da neman ƙarin yaji.

Na daɗe ina jin haushin Kaka ma. Ta san gaskiya, ɗanta na gasa hannu a gabanta, ta tsaya kewaye-kewaye da tsuntsu saboda kunya. Bayan rasuwarta, ina da aure da ɗa, na faɗa wa Baba haka wata rana ina kai shi asibiti. Na ce da ta fito fili tun ranar sunan, da ya samu lokacin gyara hannunsa.

Yana kallon titi ya ce, "Kar ki ɗora mata. Tun ranar da ta fara waƙar nan na gane."

Na ce, "To me ya hana ka miƙa masa bindigar tun ranar, Baba?"

"Idi ne fa," ya ce. "Na fi son ya zama hannuna ne."

A da na ɗauka tatsuniyar tana koya mana mu saurari mai faɗa mana gaskiya. Yanzu na san maharbin nan ba kurma ba ne. Ya ji sarai, ya zaɓi ya ci gaba da shan tsaga a kafaɗa, don ya ƙara ko da mako ɗaya yana da amini.