Mayyar da Rabi Ta Bar Mini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Hajiya Rabi, abokiyar kasuwancina a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma har yau haushinta nake ji. Allah Ya jiƙanta, amma mace ce mai taurin kai, ta tafi ta bar ni da rigimar da ba ni na tono ba.

Shagonmu na mayafai yana benen Tianxiu. In ciniki ya lafa kowa sai ya kama waya, ita kuwa ta zaro wani tsohon littafin Turanci da ta tsinta wajen mai gwanjo. Labarin wata matacciya ce da ke tasowa daga kabari a wani kangon gidan sarauta na Turai, ta liƙe wa wata budurwa, tana shan jininta, tana kuma sonta, so ba irin na ƙawance ba. Rabi ta rantse sai ta mayar da shi Hausa, har ta cika littafin rubutu uku. Basinen da ke kawo mana kaya ya tsaya yana ta "laoban, laoban", wato shugaba, ita tana can tana farautar kalma, ni aka bari da jan dila.

Kalma ɗaya muka shekara biyu muna faɗa a kanta. Matacciyar nan "mayya" ta kira ta. Na ce kuskure ne: mayya rayayyiya ce, kurwa take kamawa, ba ta shan jini, duk Kano an san haka. Ta ce, "Binta, in an ce wane mayen shayi ne, kurwar shayin ya kama? Rabuwa da shi ya kasa yi." Na ce ta rubuta fatalwa kowa ya huta. Ta dube ni ta ce, "Ke dai ba kya gane karatu." Da ta rasu na cusa littattafan a ƙasan akwati, ban sake buɗe su ba.

Bana 'yarta Ummi ta kira ni daga Kano. Tana so ta sa fassarar a intanet, inda yanzu ake karanta littattafan Hausa a waya, amma za ta mayar da mayyar aljani namiji. "Anti, kin san bakin mutane," in ji ta. "Mama za a zaga." Ban ga laifinta ba, har ma na ji sanyi a raina. Da Rabi na nan, da ta yi murnar samun masu karatu, sannan ta kashe wayar a kunnen yarinyar.

Na ciro littattafan zan ɗaure in ba wata 'yar Maraɗi mai komawa gida ta Kano, ta kai wa Ummi. A cikin bangon na uku sai ga rubutunta: "Na Binta ne. Daga mayyarta."

Ba zan yi wa wadda ke kabari fassarar zuciyarta ba. Abin da na sani, duk zaman da muka yi a garin nan ba ta taɓa cin abinci ba sai na zauna, ni kuwa ina ta gyara mata Hausa.

Na gaya wa Ummi ta sa labarin yadda yake ko ta bar mini kayana. Ta yi fushi, har yau ba ta ɗaga wayata. Mayafan sun ƙare, shagon ma wasu ne a ciki, kalmar nan ce kawai ta rage. Abin da ya fi ba ni haushi, Rabi ce da gaskiya, kuma babu inda zan same ta in faɗa mata.